Ɗan Fil Ɗin da Ke Hana Mota Gurfana a Hanyar Shinkafi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta ratsa Moriki zuwa Shinkafi, ko wadda ta karkata zuwa Zurmi ta miƙe har Jibiya, ya taɓa cin karo da motar da ta gurfana da ƙafa ɗaya a gefen kwalta. Gabanta ya dangana da ƙasa, tayar gaba ta kwanta a karkace ta cusa kai cikin fenda, ga dogon zane a baya inda ƙarfe ya kankare kwalta kafin ta tsaya. Fasinjoji sun fito sun yi cirko-cirko, masu salati na yi, masu tsayar da wata motar na ɗaga hannu. Inji lafiyarsa lau, giya ba abin da ya same ta, mai ma ga shi nan a tanki, amma tafiya ta ƙare. Direbobi cewa suke yi taya ta fita.

Ta hanya biyu wannan masifa ta fi zuwa. Ko dai boljoyin, wato gaɓar da tayar gaba ke juyawa a kai, ya cinye har ƙwallonsa ya suɓuce daga gidansa, ko kuma notin da ke riƙe da shi ya kwance sannu a hankali har ya faɗi. Ta farkon tana buƙatar kuɗin sabon kaya kafin a magance ta. Ta biyun kuwa, abin da ke tare ta bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na litar mai ba. Wata 'yar waya ce mai ƙafa biyu da zagayayyen kai, wadda kanikawa ke kira kota-fin, wasu su ce fil kawai. A cikin dubban kayan da ke jikin mota, da wuya a sami wanda ya kai shi arha, da wuya kuma a sami wanda aka fi mantawa da shi idan an zo mayar da kaya.

Gaɓar da taya ke juyawa a kai

Tayar gaba aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana hawa tana sauka yadda hanya ta ga dama, tana kuma juyawa hagu da dama yadda direba ya murɗa sitiyari. Ƙarfen da aka ɗaure tamau ba zai iya wannan ba, sai gaɓa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana raba cinyar sa da ƙugu ya ga irin gaɓar: dunƙulallen kan ƙashi mai santsi zaune cikin kwarminsa, yana juyawa ta kowace fuska ba tare da ya fita ba. Haka boljoyin yake, ƙwallon ƙarfe cikin gida na ƙarfe, an cika tsakaninsu da giris, an rufe da hular roba don kada ƙura da ruwa su shiga.

Daga jikin ƙwallon ne wata sanda ta fito. Gindinta ya fi kauri, tana sirancewa a hankali zuwa sama, sannan ƙarshenta ga zaren da noti ke hawa. Ramin da sandar ke shiga, a jikin ƙarfen da ke ɗauke da taya ko a jikin hannun ƙasa, shi ma an ƙera shi da irin wannan sirancewa. Idan aka ɗaure noti, yana janyo sandar ne ta cusu cikin ramin har ƙarfe ya ciji ƙarfe. Wannan cizon shi ne ainihin riƙon. Shi ya sa ko an kwance noti gaba ɗaya, sau da yawa sandar ba ta fita sai an sa na'urar ɓamɓarewa ko an bugi gefen ƙarfen da guduma.

Irin wannan gaɓa ba ɗaya ba ce a mota. Akwai ta ƙasa a kowace tayar gaba, wasu motocin kuma har da ta sama. Akwai ƙananansu a bakin tayarod, sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya. Idan ta tayarod ta rabu, taya na nan a jikin mota amma ta daina jin maganar direba, ta nufi inda take so. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, wato kafin direba ya gane abin da ya faru ya kai ƙafa kan birki, ta riga ta bar hannunta.

Me zai kwance notin da aka ɗaure?

Mutane da yawa na ganin noti in dai an ɗaure shi da ƙarfi, magana ta ƙare. A shekarar 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya wallafa binciken da ya nuna akasin haka. Ya gano cewa girgizar da ke motsa ƙarafa biyu gefe da gefe, ko da motsin bai kai ido ya gani ba, tana sa zaren noti ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har ɗaurin ya saki. Har yau masana'antu na gwada notuna a kan na'urar da ke ɗauke da sunansa.

A ɗora wannan a kan hanyoyin arewacin Zamfara. Tayar ƙaramar mota tana da kewayen kusan mita 2, tana juyawa kamar sau 500 a kowace kilomita. Daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda, tafiyar kusan kilomita 60, juyi wajen 30,000 ke nan, kowanne da irin tasa girgizar. Ga ramuka, ga gargada inda kwalta ta ƙare, ga saukar dole zuwa gefen hanya idan an yi kiciɓis da babbar mota. Duk wani duka da taya ta sha, boljoyin na jin sa.

Nan fil ke shigowa. Notin da ake haɗa shi da shi daban yake da sauran: kansa a tsattsage yake gida shida. Ita kuma sandar boljoyin an huda ta a kwance kusa da ƙarshe. Idan ɗaya daga cikin tsagogin ya yi daidai da hudar, sai a zura fil ya ratsa tsaga, ya ratsa sanda, ya ɓullo ta ɗaya tsagar, a tanƙware ƙafafunsa. Daga nan noti ba shi da hanyar juyawa sai ya yanke fil ɗin.

Abin lura shi ne fil ba ya ɗaukar nauyin mota, ba ya kuma ɗaure komai. Notin da aka bari sakwa-sakwa, ko an sa masa fil sabo dal, sandar za ta riƙa rawa cikin raminta. Rawar nan ce ke cinye ramin har ya tashi daga zagayayye ya koma mai tsawo, daga nan kuma ko sabon boljoyin aka kawo ba zai zauna daram ba, sai an sauya ƙarfen gaba ɗaya. Wani lokacin ma sandar ce ke karyewa daga gindin zare. Aikin fil ɗaya ne tak: ranar da ɗauri ya fara saki, ya hana notin ƙarasa fita, ya ba direba damar jin ƙara ya kai mota gareji.

Yadda gwani ke yi

A ƙarƙashin rumfar gareji, aikin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya ɓuya. Bakanike zai fara goge sandar da ramin da tsumma, ya tabbata babu giris ko yashi a inda za su ciji juna. Zai ɗora notin da hannu, ya murza shi ya ji yana tafiya ba gardama, sannan ya ɗauko sifana. Kowane kamfani ya rubuta iyakar ƙarfin da za a ɗaure notinsa da shi, akwai kuma sifana mai ma'auni da ke yin ƙas idan an kai wurin. Garejin da ke da ita kaɗan ne a garuruwan nan, akasari da hannu ake aunawa, shi ya sa matakin da ke biye ya fi kowanne muhimmanci.

Bakanike zai sunkuya ya leƙa tsagar. Ba kasafai take faɗawa daidai kan hudar ba. A nan ne ake gane wanda ya koyi aiki da wanda ya ga ana yi. Mai gaggawa sai ya mayar da notin baya kaɗan don hudar ta bayyana, ya zura fil, ya tashi. Littattafan gyara na kamfanoni irin su Honda sun hana wannan ƙarara: a ƙara ɗaurewa gaba har tsagar da ke biye ta iso, kada a sassauta. Tunda tsagogin shida ne, abin da za a ƙara ba zai wuce kashi ɗaya cikin shida na juyi ba. A kan zaren da tazararsa milimita 1.5 ce, wannan rubu'in milimita ne kacal. Amma idan aka yi shi da baya, wannan ɗan rubu'in ya isa ya rage cizon da dukan gaɓar ta dogara a kai.

Sai zaɓen fil. Girma-girma ne, akwai mai kaurin milimita 2.5, da 3.2, da 4, da sauransu. Wanda ya dace shi ne mai cika hudar, ya shiga da ɗan turi ko ɗan bugu mara ƙarfi, kansa ya zauna cikin tsaga. Da filaya ake raba ƙafafun, ko dai a naɗe su a jikin noti ɗaya dama ɗaya hagu, ko a tanƙwara doguwar ta hau kan sanda a datse gajeruwar a kwantar da ita ƙasa. Idan an gama, a taɓa shi da yatsa: bai kamata ya yi lilo ba, bai kamata kuma tsininsa ya kai ga wata roba ba, musamman robar shaf da ke kusa, domin ƙaramin yagewa a can wani kashe kuɗin ne.

Akwai wata alama da ƙwararre ba ya wuce ta. Idan an ɗaure noti har ya nutse, hudar ta tsaya a sama da tsagogin, fil ba zai kama komai ba. Wannan na nufin ko boljoyin ɗin ba na motar ba ne, ko ramin ya riga ya buɗe. Jera wasa a ƙarƙashin noti don a ɗago shi rufa-rufa ce kawai, cutar na nan.

Ƙusa, waya da tsohon fil

A leƙa ƙarƙashin motocin haya da ke layi a tasha, za a sha kallo. Wata an soka mata ƙusar kafinta an lanƙwashe. Wata guntun wayar ɗaure rodi. Wata guntun sandar walda. Wata kuwa hudar ce kawai ke kallon mutum, ba komai a ciki.

Ba mugunta ke kawo haka ba. Tsohon fil yakan yi tsatsa ya maƙale, a wajen cire shi ya karye. Sabon boljoyin na kirki yakan zo da notinsa da fil ɗinsa a leda, amma tsoho na Baljiyam da ake sarowa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sau da yawa tsirara yake zuwa. Direba na tsaye a kan bakanike yana cewa layinsa ya kusa, rana na yi, shagon kayan gyara da ɗan nisa. Ga ƙusa a ƙasa. Sannan a gareji da yawa, maigida shi ke yin babban aikin, ya cire tsoho ya zaunar da sabo, sai ya ce wa yaro ya ƙarasa ya mayar da taya, shi kuma ya koma kan wata motar. Matakin ƙarshe, wanda idan an tsallake shi ba mai gani tunda taya za ta rufe, ya faɗa hannun wanda ya fi kowa ƙarancin sani a wurin.

Ƙusa ta gaza fil ta fuska uku. Kaurinta ba ya daidai da hudar, don haka tana kaɗawa, kaɗawar kuma na cin ta. Ƙafa ɗaya gare ta, idan lanƙwasar ta karye ko ta miƙe, babu ta biyu da za ta riƙe. Kanta kuma ba a yi shi don zama cikin tsaga ba. Shi fil daga waya mai taushi ake yin sa, wadda aka raba tsakiya aka ninka, don ya tanƙwaru ba tare da ya tsage ba, ƙafafun biyu kuma su haɗu su cika huda.

Taushin nan na sau ɗaya ne. Ƙarfe idan an lanƙwasa shi aka miƙe aka sake lanƙwasawa, wurin yakan yi tauri ya fara tsagewa, ko da ido bai gani ba. Tsohon fil da aka daddaka a kan dutse ya miƙe aka mayar, yana iya zubar da ƙafa a ramin farko. Wanda ya lalace a daji ba shi da zaɓi, ƙusa ta fi babu, ta fitar da shi zuwa gari. Kuskuren shi ne ƙusar da aka sa don a kai Ƙaura ta shekara tana zuwa Shinkafi.

Wata ɓarnar kuma wajen cirewa ake yin ta. Idan aka dinga dukan kan sandar da guduma don ta fita, zaren ya murƙushe, hudar ta matse. In za a mayar da wannan boljoyin ɗin, noti ba zai hau daidai ba, fil kuma ba zai shiga ba, daga nan sai a ce a bar shi haka.

Abin da ya faru a Nevada

Kada a ɗauka wannan sakaci na garejin bakin hanya ne kaɗai. Ranar 7 ga Disamba, 2011, wani jirgi mai saukar ungulu na kamfanin Sundance Helicopters ya tashi daga Las Vegas a jihar Nevada ta Amurka da 'yan yawon buɗe ido, ya faɗi cikin duwatsu ba da daɗewa ba. Matuƙin da fasinjoji 4 duk suka rasu. Kwana ɗaya kafin nan aka yi wa jirgin aiki. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa wani ƙarfe da ke haɗa na'urar sarrafa farfela ne ya zare, saboda an sake amfani da tsohon noti da riƙonsa ya mutu, fil ɗin da ya kamata ya tsare shi kuma ko dai ba a sa ba ko an sa shi ba daidai ba, wanda ya duba aikin daga baya kuma bai lura ba. Binciken ya ambaci gajiyar ma'aikatan cikin abubuwan da suka taimaka.

Tsohon noti, rashin fil, gajiya, da rashin ido na biyu mai kyau: babu ɗaya a ciki da baƙo ne ga wanda ya san garejin Zurmi ranar jajiberin kasuwa.

Kowace mota da irin makullinta

Mai mota zai iya leƙawa ya ga babu fil, ya tayar da jijiyar wuya a banza. Ba kowace gaɓa aka yi ta da huda ba. Toyota da Honda sun daɗe suna amfani da noti mai tsaga da fil, a Corolla da Camry da Hilux da Hiace da Accord da Civic. Motocin Turai da yawa kuwa wata hanyar suka bi.

A ɗauki Golf 3, wadda ta zama jakar hanyoyin nan. A mafi yawansu, sandar boljoyin na ƙasa ba ta da zare ma sam. Tana shiga wani tsagaggen rami ne, wani bol ya ratsa ta gefe ya bi ta wani kwari da aka yi a jikin sandar, a ɗaure ya matse ta. A bakin tayarod kuma noti mai zoben roba a ciki ake sawa, wanda robar ke kama zare ta hana shi juyawa. Irin wannan noti shi ma ba a son maimaita shi, don da zarar an kwance shi zaren ya riga ya yanka robar. Gwajin mai sauƙi ne: idan ana iya murza shi da yatsu har ƙasa ba tare da ya yi gardama ba, ya gama aiki.

Sai dai Golf ɗin na da fil a inda mutane ba su zato, wato tayoyin baya. A ƙarƙashin 'yar hular ƙarfen da ke tsakiyar taya akwai notin da ke saita boris. Shi wannan da gangan ba a ɗaure shi tamau, don in an matse boris zai yi zafi ya ƙone. Ana ɗora masa wani murfi mai haƙora, a zura fil. A wannan wuri fil ɗin ne kaɗai ke tsakanin taya da daji. Babura da yawa ma na da shi a notin tayar baya da sandar birki.

Honda Accord ta tsakanin shekarun 1990 da 2012, wadda aka laƙaba wa sunaye irin su Hala da Baby Boy da EOD, ta yi ƙaurin suna a Najeriya wajen fitar taya, kuma akwai dalili a ƙirarta. Nauyin gaban motar yana sauka ne kan hannun ƙasa, hannun kuma a rataye yake a jikin boljoyin, notin na daga ƙasa. Kullum nauyi na ƙoƙarin raba gaɓar ne. A Corolla da Golf kuwa, nauyin ta kan shokoba yake bi kai tsaye, boljoyin na ƙasa jagora kawai yake yi. Saboda haka mai Accord ba shi da sararin da wasu ke da shi: jabun boljoyin ko notin da ba fil, sakamakonsa ba ya jinkiri. Daga samfurin 2013 Honda ta sauya ƙirar gaban motar.

Manyan kamfanoni ma ba su wasa da wannan gaɓa. A 2007 Toyota ta janye motoci sama da rabin miliyan samfurin Tundra da Sequoia a Amurka don sauya musu boljoyin na ƙasa.

Lodi, yashi da hanyar da ba a son tsayawa

Tun 1929 da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya, kayan da ke fitowa daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa a kan hanya suke tahowa su tarar da shi, da a kan raƙuma da jakuna, daga baya a kan motoci. Gyaɗa da auduga sun ja baya, jirgin ma ya yi shiru, amma hanya ba ta huta ba. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ƙaramar motar da aka ƙera don mutum biyar takan ɗauki kusan ninkin haka, but a buɗe an ɗaure buhunan gero ko albasa da igiya. Kowane ƙarin buhu ƙarin aiki ne ga gaɓoɓin ƙasa.

Ƙasar kuma ta yashi ce. Da rani ƙura, da damina ruwa da laka a mashigai na yankin Gagare da Bunsuru. Muddin hular robar boljoyin na da lafiya, ba abin da zai shiga. Ranar da ta tsage, giris ya fita, yashi ya shiga ya haɗu da ragowarsa ya zama abin wasa ƙarfe. Daga nan ƙwallon ke fara cinyewa, kuma wannan cutar fil ba ya maganinta ko kaɗan. Alamunta sanannu ne: ƙwas-ƙwas daga ƙasa idan an hau gargada, kuka idan an murɗa sitiyari a tsaye, taya na cinyewa ta gefe ɗaya, mota na yawo a hanya sai an yi ta gyara mata hannu.

A wasu wuraren, lalacewa a hanya asarar lokaci ce da kuɗin janwe. A nan lissafin ya wuce haka. Shekaru ke nan 'yan bindiga na tare waɗannan hanyoyi, direbobi na tsara tafiyarsu yadda za su shige gari kafin rana ta faɗi. A watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, wanda motarsa ta gurfana tsakanin gari da gari ko bakanike ba shi da halin kira. Tayar da ta yi faci ana sauya ta cikin mintuna. Boljoyin da ya rabu kuwa yakan tafi da shaf, ya tsinke tiyon birki, ya lanƙwasa fenda, ba aikin da yaron mota zai yi a gefen hanya ba ne.

Wa zai duba?

A Birtaniya, motar da ta shekara 3 dole a kai ta gwajin lafiya duk shekara, a ɗaga ta sama a shiga ƙarƙashi, kuma rashin makulli a notin sitiyari ko na ƙafa ya isa a hana ta takarda. A Najeriya akwai jami'an duba motoci na VIO da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da aka kafa a 1988, amma binciken bakin hanya taya da fitila da takardu yake iya gani, ba ya kaiwa bayan taya. Nauyin ya koma kan mutum uku: bakanike, direba da mai mota. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa ta NATA na da ikon da za su mayar da leƙa ƙarƙashin mota al'ada a tasha, kamar yadda ake duba mai da ruwa da safe. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, na da malaman injiniya da taron yini ɗaya da shugabannin gareji ba zai gagare su ba.

Shi mai mota ba sai ya iya riƙe sifana ba. Duk ranar da aka taɓa masa ƙafar mota, ko boljoyin ne, ko tayarod, ko shaf, ko boris, kafin a mayar da taya sai ya matso ya ce, "Oga, don Allah a nuna mini notin." Idan kansa a tsattsage yake, ya ga fil sabo mai ƙyalli a ciki, ƙafafu a tanƙware. Idan mai roba ne, ya tambaya ko sabo ne. Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan tambaya, don aikinsa ne ake yabawa.

Yayin da motar ke kan jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan a kama ta dama da hagu a sake. Motsi ko ƙara a na farko yakan nuna boljoyin ko boris, a na biyu kuma tayarod. A irin su Accord sai an tokare hannun ƙasa da jak kafin wasan ya bayyana, in ba haka ba nauyin sifirin zai ɓoye shi. Bayan an sauya tayarod ko boljoyin a kai mota saiti, don kada sabuwar taya ta cinye cikin wata guda.

Direban haya kuma ya sayi fil iri uku ko huɗu ya zuba a ƙaramin gwangwani, ya ajiye tare da filaya a inda yake ajiye jak. Bayan zuwa da dawowa na farko a kan sabon aiki, ya murɗa sitiyari har ƙarshe a tasha, ya haska bayan taya da fitilar waya, ya duba ɓangaren direba, ya zagaya ya duba ɗaya ɓangaren kafin ɗan kamasho ya fara kiran fasinja.